Na sa wa motata manyan tayoyi, me ya sa ta daina jan tudu?

Wani bawan Allah ya turo tambaya, ya ce yana da Corolla mai injin lita 1.8, giyar hannu, da ita yake ɗaukar fasinja tsakanin Abuja da Jos. Saboda ramuka sai ya sa aka ɗaga ta, aka cire tayoyinta na asali 195/65 R15 aka sa 215/65 R16. Tun daga ranar, in ji shi, motar ta zama raguwa a tudu, wajen da yake wucewa da giya ta uku yanzu sai ya dawo ta biyu, ya canza fulogi, an wanke nozul, makaniki ya ce inji lafiyarsa lau. Sannan ya ji ana cewa wai matsalar tok ce, shi ne yake tambaya mene ne tok ɗin, kuma a ina ake gyara shi.

To malam direba, sannu da ƙoƙari. Makanikinka ya faɗa maka gaskiya, injinka ba abin da ya same shi, ka daina kashe kuɗi a kan fulogi. Tok kuma ba wani ƙarfe ba ne da za a kwance a gareji a canza. Amma fa ka yi haƙuri da ni, sai na ɗan ja ka da nisa, don in ka gane abin sau ɗaya ba wanda zai sake ruɗa ka.

Mu fara daga wajen mai faci tunda can kowa ya taɓa tsayawa. Noti ya cije a taya, yaron ya sa sifana ya danna da hannu ya ƙi motsi, ya hau da ƙafa ya yi tsalle a kai shiru, sai ka ga ya juya ya jawo wani dogon bututun ƙarfe da ke jingine a gindin bishiya ya zura wa hannun sifanar, ya ɗan danna ƙarshensa, ƙarrr, noti ya saki. Yaron dai shi ne, bai ci tuwo a tsakani ba. Abin da ya canza shi ne nisan da ke tsakanin inda yake dannawa da tsakiyar notin. Wannan shi ne tok, wato ƙarfin murɗa abu: ƙarfin da ka danna, a ninka shi da nisan wajen da ka danna daga tsakiyar abin da ke juyawa. Shi ya sa ma ake sa marikin ƙofa can gefe nesa da hinji, gwada tura ƙofa daga kusa da hinjin ka ji yadda za ta yi maka nauyi. Tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, wani masanin lissafi mai suna Archimedes ya yi wannan lissafi a garin Sirakus da ke tsibirin Sisili, don haka ilimin ya girmi mota nesa ba kusa ba.

Ana auna ƙarfin turi da niyuton, nauyin kilo ɗaya kusan niyuton 10 ke nan, buhun siminti mai kilo 50 yana danna ƙasa da kusan niyuton 490. Tok kuma ana auna shi da niyuton-mita, shi ne Nm ɗin da kake gani a takardar mota. Yanzu ka ɗauka mutum mai kilo 70 ya taka ƙarshen sifana mai tsawon santimita 30, ka ga 700 sau 0.3, ya ba da 210 Nm. In ya sa bututu mai mita ɗaya ya zama 700 Nm. Notin tayar Corolla kuwa 103 Nm kamfanin ya ce a ɗaure shi, don haka duk ranar da ka ga yaro ya hau bututu yana ɗaure maka taya, ba kwancewa ba, ka dakatar da shi, ta haka ne ake karya sandunan notin ko a lalata zarensu, sai ranar da faci ya kama ka a daji ka rasa yadda za ka kwance.

Ga abin mamakin. Injin motarka a mafi ƙarfinsa kusan 170 Nm yake bayarwa, a wajen juyi 4,200 a minti. Wato mutumin nan da ya taka ƙaramar sifana ya fi injin Corolla ƙarfin murɗa! Dariya ɗalibai suke yi duk sanda na faɗi haka, amma gaskiya ce. Bambancin shi ne mutumin zai danna sau ɗaya ya tsaya yana haki, inji kuwa yana riƙe da wannan murɗar yana zagayawa sau 70 a kowace daƙiƙa, awa da awanni. Idan ka haɗa tok da saurin juyi shi ne ake kira ƙarfin doki, sunan da ya samo asali daga James Watt lokacin da yake son nuna wa masu saye dawaki nawa injinsa na tururi zai maye, doki ɗaya kusan wat 746. Lissafin ba wuya, tok sau juyi a minti, a raba da 9,550, sai ya ba ka kilowat. Naka 170 sau 4,200 a raba, kusan kilowat 75, dawaki 100 ke nan a daidai wannan juyin. Babbar tirela kuwa za ka samu injinta yana ba da sama da 2,000 Nm amma a juyi ƙasa-ƙasa, wajen 1,000 zuwa 1,400, in ka buga lissafin 2,300 a juyi 1,300 dawaki 420 ne kacal. Ta ninka ka a tok sau 13, a dawaki kuwa sau 4 da ɗan wani abu.

Ina injin yake samo murɗar? Fetur ya kama da wuta a saman fistin, wato ƙarfen da ke kai-kawo a cikin silindar inji, iskar ta kumbura ta danna fistin ƙasa, shi fistin miƙe yake tafiya sama da ƙasa ba ya juyawa. Sandar da ke ƙarƙashinsa ita ke kama karanshaf, wato babban ƙarfen da ke juyawa a gindin inji, kuma ba a tsakiya take kama shi ba, a gefe ne, a injinka kusan santimita 4 da rabi daga tsakiya. Ka ga ƙaramar sifana ke nan a cikin inji. Kamar fedar keke ne sak, in feda tana can sama daidai ko ka hau da duk nauyinka ba za ta juya ba, sai ta ɗan gota gaba sannan taku ya yi amfani, ya fi ƙarfi a tsakiya, ya mutu a ƙasa. Kuma a inji mai bugu huɗu irin wanda Nikolaus Otto ya haɗa a 1876, kowane fistin sau ɗaya yake ba da ƙarfi a juyi biyu, sauran lokacin shaƙar iska yake, ko matsa ta, ko fitar da hayaƙi. Shi ya sa ake ɗaura wani faifan ƙarfe mai nauyi a bayan inji, inda kuloci ke mannewa, ya tara ƙarfin ya riƙa sakinsa a hankali don kar motar ta dinga zabura. Injin dizal ya fi tok ne saboda ya fi matse iska sosai, fistinsa ya fi doguwar tafiya, ga tarbo da yawancinsu ke da shi yana cusa musu ƙarin iska.

To 170 Nm ɗin nan in da kai tsaye za a kai shi taya, wallahi ko daga tasha ba za ka fita da lodi ba. Aikin giyabos ke nan. Ƙaramin haƙori yana juya babba, ƙaramin ya zagaya sau uku da rabi kafin babban ya zagaya sau ɗaya, sauri ya ragu sau uku da rabi, murɗa ta ƙaru sau uku da rabi. Ba kyauta ake samu ba, musaya ce, ka ba da gudu ka karɓi ƙarfi. Masu acaɓa sun san wannan ko ba su je aji ba, in suna son babur ya ja kaya sai su sa babban faifan sarƙa a baya, in gudu suke so su sa ƙarami. Bayan giya kuma akwai wani ragin na ƙarshe kafin a kai ga tayoyi, wanda a ƙananan motoci yakan kai kusan sau 4, shi ba ya canzawa ko wace giya ka sa.

Bari in yi maka lissafin da lambobi dunƙulallu, kusa suke da na irin motarka. Giya ta ɗaya 3.5, ta uku 1.3, ta biyar 0.8, ragin ƙarshe 4, sannan mu cire kashi 10 cikin 100 da ke ɓacewa a gugar haƙora da mai da boris. A giya ta ɗaya 170 sau 3.5 sau 4 ya zama 2,380, bayan an cire asara kusan 2,140 Nm ke isa tayoyi. A ta uku kusan 800. A ta biyar kusan 490. Inji ɗaya ne, ƙafarka ɗaya ce a kan totur, amma ka ga tazarar.

Yanzu mun iso kan matsalarka. Murɗar ta iso tsakiyar taya, amma mota ba murɗa take buƙata ba, turi take buƙata a inda roba ta taɓa kwalta. A nan lissafin sifana yake juyewa, maimakon ninkawa sai a raba. Tok ɗin da ya iso, a raba shi da nisan tsakiyar taya zuwa ƙasa. Tsohuwar tayarka, 195/65 R15, tsayinta duka kusan milimita 635, rabi 0.317 na mita. Sabuwar, 215/65 R16, kusan milimita 686, rabi 0.343. Ta fi tsohuwar da kashi 8 cikin 100, don haka turin da kake samu a kowace giya ya ragu da kusan kashi 7 da rabi. Kamar ka ɗauki duk giyoyinka ne ka ɗan matsar da su sama, ta ukunka ta kama hanyar zama ta huɗu.

Za ka ce kashi 7 ai ba wani abu ba ne, me zai sa in ji shi haka? Nan ne mutane da yawa ke kuskure, har da wasu da suka yi karatun. Ka ɗauka ka cika mota, kai da fasinja da buhuna a but, duka kilo 1,700, kana hawa tudun da ke tashi mita 10 a kowace mita 100. Nauyin motar kaɗai yana jan ka baya da kusan niyuton 1,660. Ka ƙara lanƙwasar roba a kan titi da iskar da kake kutsawa, a ce duka 2,000. Da tsohuwar taya giya ta uku tana ba ka 800 a raba da 0.317, wajen 2,520, ka biya tudu 2,000 ka rage da rarar 500, da ita kake ƙara wuta kana wuce tirela. Da sabuwar taya kana samun wajen 2,330, rara ta koma 300 da ɗoriya. Ka gani ko? Turin ya ragu da kashi 7 amma rarar ta ragu da sama da kashi ɗaya cikin uku, kuma ita rarar ce direba yake ji a ƙafarsa. Kamar mai albashi ne da kuɗin haya da cefane suka cinye kusan duka, in aka ɗan zaftare albashin abin da ya saura a aljihu shi ke fara tafiya. Kuma wannan lissafin a juyi 4,200 ne fa, in ka shigo tudun inji yana 2,000 tok ɗin bai kai 170 ba, ga babbar taya ta ƙara saukar da juyin injin a kowane gudu, sai ka ji motar tana kakari tana rawa, dole ka dawo ta biyu. Ga shi kuma hanyarka ta Hawan Kibo ce, kana hawa Filato iska tana ƙara sirancewa, Jos ta haura mita 1,200 a saman teku, inji marar tarbo yakan yi asarar kusan kashi 3 cikin 100 a kowace mita 300. Abu ya haɗu goma da ashirin.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da suka biyo baya. Babbar taya da babban rim sun fi nauyi kuma nauyin yana can gefe nesa da tsakiya, ya fi wuyar tayarwa ya fi wuyar tsayarwa. Birki ma lissafin ɗaya ne a juye, shi ma murɗa yake yi a tsakiya, don haka babbar taya ta rage masa kaifi da kusan wannan kason. Sannan agogon gudunka ya fara yi maka ƙarya, juyin taya yake ƙirgawa bai san ka canza ta ba, in ya nuna 100 kai kana kan 108.

Wani abu da nake so ka riƙe, don shi ne rabin labarin da ba a cika faɗa ba. Ba taya ke tura mota gaba ba, titi ne. Taya tana tura ƙasa baya, ƙasa ta mayar mata da turi daidai wa daida zuwa gaba, dokar Isaac Newton ta uku ke nan da ya wallafa a 1687. Ka tuna in mota ta tashi da ƙarfi a kan tsakuwa ina tsakuwar ke fallatsa? Baya. Kuma titi yana da iyakar abin da zai iya mayarwa, iyakar ita ce nauyin da ke kan tayoyin da ke ja, sau yadda robar ke cizon ƙasa. A busasshiyar kwalta cizon yakan kai 0.8, a jiƙaƙƙiya ya sauko wajen 0.5, a taɓo kuwa ƙasa da haka sosai. Motarka da gaba take ja, in ba lodi kusan kashi 60 na nauyinta yana gaba, a ce niyuton 7,000. Sau 0.8 ya ba da 5,600. Amma giya ta ɗaya tana iya kai 6,700 bakin taya. Abin da ya haura iyaka ba ya zama gudu, ƙara yake zama da hayaƙin roba, shi ne ƙiiii ɗin da samari ke yi a danja suna ganin bajinta ce alhali tayar ubansu suke ci. A kan tudu kuma nauyi baya yake komawa, in ka ƙara da buhuna a but gaban ya ƙara sauƙi, shi ya sa mota mai ja da gaba take sulɓi a jiƙaƙƙen hawa ko da injinta na da ƙarfi.

Shi ne kuma dalilin abin nan da ke ba mutane haushi da damina, mota ta kafe, taya ɗaya tana ta wulwulawa a laka ɗayar tana kan busasshiyar ƙasa ko motsi ba ta yi. Tsakanin tayoyin biyu akwai wasu haƙora da ake kira difaranshal, aikinsu su bar tayar waje ta fi ta ciki sauri a kwana, don ta waje ta fi doguwar hanya. Halinsu shi ne raba tok daidai ga kowane ɓangare. In ta cikin laka ba ta iya riƙe komai sai ɗan kaɗan, to ɗan kaɗan ɗin nan ita ma ɗayar za ta samu, duk totur ɗin da ka ƙara a wulwulawa yake ƙarewa kana ƙara haƙa wa kanka rami. Magani shi ne a ba mai sulɓin abin cizo, itace ko duwatsu ko tabarmar ƙafa, a tashi a hankali, wani lokaci ma da giya ta biyu don a rage murɗar. Motocin sahara irin Land Cruiser da Hilux da ke bin hanyar Agadas suna ja da taya huɗu, suna da ƙaramar giya ta musamman da ke ƙara ninka tok, wasu har da makullin da ke haɗe tayoyin biyu su juya tare, kuma direbobin kan rage iskar taya in za su shiga rairayi don robar ta baje kar ta nutse.

Kuloci kuma, tunda na san halinku a tudu. Injin fetur ba ya ba da komai in ba ya juyawa, ko a tsaye sai yana juyi wajen 700 zuwa 800 a minti, kuloci shi ne ke ba shi damar ci gaba da juyi yayin da taya ke tsaye har su daidaita. Amma ba ya ninka tok ko kaɗan, abin da ya shigo shi yake wucewa. Don haka rabin kuloci da ake yi a hawa don inji ya ɗaga murya, faranti kawai kake ƙonawa, warin nan da kake ji kuɗinka ne. Motoci masu giyar otomatik su ne suke da wani tulu mai mai a ciki da kan ninka tok kusan sau biyu a lokacin tashi. Motar lantarki kuwa tun daga tsaye take ba da cikakken tok ɗinta, shi ya sa yawancinsu giya ɗaya ce gare su kuma suke fizga haka.

Me za ka yi? In da ni ne, zan koma girman taya na asali ko wanda bai wuce kashi 2 zuwa 3 a tsayi ba, in bar ɗagawar da aka yi mata in dai an yi ta da kyau, don tazarar da babbar tayar ta ƙara maka daga ƙasa santimita 2 da rabi ce kawai, ka auna da yatsa ka gani ko ta kai abin da kake biya a mai da kuloci. In kuwa ka riga ka kashe kuɗi ba ka son asara, to ka canza salon tuƙi. Ka sauko giya tun kafin ka shiga tudun, ba sai motar ta fara shaƙewa a tsakiya ba, ka bar allurar juyi tana tsakanin 3,000 da 4,000, injin an gina shi don haka, abin da ke cutar da shi shi ne a danne totur har ƙasa yana juyi 1,500 da lodi. Ka rage kaya a but. Sannan a dawowa, in za ka gangaro Hawan Kibo, giyar da ka hau da ita da ita za ka sauko, inji ya riƙe maka motar ta wannan hanyar da muka bi amma a juye, daga taya zuwa giya zuwa fistin, kar ka saki a firi kana dogaro da birki, musamman yanzu da babbar taya ta riga ta rage masa kaifi.